Daga Durumin Maigarke Zuwa Wusasa: Yadda Kiristocin Zazzau Suka Riƙe Sujadarsu

A shekarar 1905 aka ba wani Bature gida a cikin ganuwar Zariya, a Durumin Maigarke, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Baturen nan ba joji ba ne, ba soja ba ne, ba kuma ɗan kamfani mai sayen auduga ba. Likita ne ɗan mishan mai suna Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta, ya kuma keɓe wurin da shi da yaran gidansa ke taruwa suna karatu da addu'a da waƙar yabo da harshen Hausa. Haka aka yi shekara 24 ana sujadar Kirista a cikin birnin Zazzau.

Wanda ya san Zariya ya san nauyin wannan magana. Gari ne na malamai, inda almajirai ke tahowa daga nesa neman nahawu da fiƙihu a zaurukan Unguwar Juma da Kona. Tun farkon ƙarni na 19, da Malam Musa ya iso da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarautar garin da shari'arsa suke tafiya a kan tafarkin Musulunci, ga kuma Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu yana tsaye kusa da fada. Bayan haka, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa musu baki a addini ba, kuma da wannan alkawari jami'an mulkin mallaka suka riƙa tare 'yan mishan daga shiga biranen Kano da Katsina da Sakkwato. A manyan biranen ƙasar Hausa, Zariya ce aka buɗe wa mishan ƙofa, ita ma ba ta daɗe a buɗe ba.

Waɗanda suka bi Likita Mila ba su taɓa yin yawan a zo a gani ba. Abin da ya sa labarinsu ya cancanci a ba da shi shi ne juriyarsu. Ƙaramar jama'a ce ta Hausawa da Fulani da 'yantattun bayi, wadda ta rasa mazauni ba sau ɗaya ba, annoba ta ci rabonta a cikinta, daga baya wuta da bam suka same ta, amma ba ta daina taruwa tana yabon Ubangiji da harshen iyayenta ba.

Mafarin abin daga Tarabulus ne, can Libiya, inda fataken Kano da alhazai suka daɗe suna yada zango. Ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ta tura samarinta can su koyi Hausa daga bakin masu ita. A nan Miller ya sadu da wani yaro Bahaushe, Abdulmajidu, da ake ce wa Audu, wanda daga baya ya zama ɗan gidansa. A 1900 ayarin mutum biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya taso daga Legas ya nufo Kano. Sun ratsa ta Zariya, inda Sarki Kwasau ya karɓe su da fara'a, domin a lokacin mahara daga Kwantagora sun hana ƙasarsa sakat, yana neman duk wanda zai zame masa garkuwa. A Kano kuwa Sarki Alu bai ba su fuska ba. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. Suka koma kudu suka yi bukkoki a Girku. Nan ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu da ciwon atuni, wani aka mayar da shi Ingila ba lafiya, bukkokin kuma suka ci wuta. Cikin su biyar, Miller ne ya dawo ya mayar da ƙasar Hausa gida, har ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

Shekarun farko a cikin birni shekarun fari ne ga mishan. Mutane na zuwa a wanke musu gyambo, a ba su maganin zazzaɓi, su yi godiya su koma gida su yi alwala. Mafi yawan yaran makarantar marayu ne da 'ya'yan bayin da aka 'yanta. Shirin da Miller ya tsara na makarantar 'ya'yan sarakuna da malamai bai yi nisa ba, domin iyaye sun ƙi sakin jiki da makarantar da ke hannun mai wa'azi, gwamnati ma ta ja da baya, ta miƙa aikin ga Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe tasa a Nasarawar Kano a 1909. 'Yan ƙalilan ɗin da suka karɓi baftisma daga cikin 'yan gari sun biya farashi mai tsada. A garin da kowa ya san kakan kowa, mutum ya bar addinin gidansu yana nufin ya rasa gado, ya rasa wanda zai ba shi 'ya, wani lokaci ya rasa wanda zai ci tuwo da shi a akushi ɗaya.

Dole a faɗi cewa shi kansa Likita Mila bai sauƙaƙa musu zaman ba. Mutum ne mai kaifin harshe, wanda bai ɓoye ra'ayinsa a kan sarautar Fulani ko a kan Musulunci ba, kuma ya yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu wajen Turawan mulki a kan zargin zaluntar talakawa. Sarkin kuwa ba ƙaramin mutum ba ne: malami ne, Batijjane, kuma ɗaya daga cikin fitattun marubuta waƙoƙin Hausa na zamaninsa. Da aka tuɓe shi a 1920 aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924, Zazzagawa da yawa sun ga hannun ɗan mishan a ciki. Bature yana da gwamnatin da za ta kare shi da jirgin da zai kai shi gida. Ɗacin da rigimar ta bari, Bahaushen Kirista da ke zaune katanga ɗaya da masu jin haushin ne ya riƙa haɗiyarsa.

Ana cikin wannan fari, a 1913, sai ga baƙi daga ƙauye sun yi sallama a ƙofar gidan mishan, suna neman a yi musu bayani a kan Annabi Isa. Ba wanda ya aika a kira su.

Asalinsu ya girmi zuwan Turawa. Labarin da zuriyarsu ke bayarwa shi ne, a tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa a kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Isa ɗan Maryama, har ya kai ga ba shi matsayin da sauran malamai suka ga ya wuce iyaka. Ya tara almajirai. Aka kira shi gaban hukuma aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kano cikin shekarun 1860. Almajiransa suka watse zuwa ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci, wasu suka fake a duwatsun Ningi, inda tun kafin nan wasu malaman Kano da suka saɓa da hukuma suka kafa zango. Suna kiran kansu Bani Isra'ila, mutane kuma na ce musu Isawa. Wani almajirin Malam Ibrahim, Malam Yahaya, yana cikin waɗanda suka ci gaba da yawo suna koyarwa, suna riƙe da wasiyyar cewa wata rana cikakken bayani game da Isa zai iso musu.

A wancan lokaci Isawa ba Kiristoci ba ne. Ba su da Linjila, ba su san baftisma ba, ba su taɓa ganin coci ba. Alƙur'ani suke karantawa, noma suke yi, suna auratayya a tsakaninsu, suna kame bakinsu a gaban baƙo. Duk da haka kusan shekara 50 suka yi suna miƙa wa 'ya'yansu abin da malaminsu ya mutu a kansa, ba da goyon bayan wani sarki ba, ba da kuɗin wata ƙungiya daga ƙetare ba. Duk mai son fahimtar taurin zuciyar Kiristocin Wusasa na baya, daga nan ya kamata ya faro. Sun gaji zama 'yan tsiraru tun kafin su ji sunan CMS.

Ba dukan Isawa ne suka karɓi abin da suka tarar a Durumin Maigarke ba. Wasu da suka ji koyarwar Kirista a kan Allah-uku-cikin-ɗaya da mutuwar Almasihu a kan gicciye sai suka ga ba wannan suke jira ba, suka koma ƙauyukansu. Wasu a hankali suka narke cikin sauran Musulmi, wasu kuma zuriyarsu na nan har yau a kan tsohuwar hanyarsu. Amma iyalai da dama sun amsa, kuma suka nemi a ba su wuri guda inda za su zauna tare a koya musu karatu. Aka samar musu fili a Gimi, cikin karkarar Zazzau, aka sa wani limami baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, Rabaran W. A. Thompson, ya zauna da su. Cikin ɗan lokaci mazauna ƙauyen suka haura ɗari. Aka yi gonaki, aka yi makaranta, aka yi ɗakin sujada. Ana kuma danganta shigowar injin matse rake da dafa mazarƙwaila a wannan yanki da Thompson, wanda ya fito daga ƙasar da rake ne arzikinta, sana'ar da har yau take ciyar da gidaje masu yawa a arewacin Zazzau.

Sai dai dausayin da ya sa ƙasar ta yi albarka shi ne mazaunin ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga Gimi. Yakan fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, sai kasala, sai mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka ko da fartanya a hannunsa, daga nan ya rame ya kwanta, ba ya tashi. A shekarun nan babu wani magani mai inganci da ya iso ƙasar. Sai cikin shekarun 1930 gwamnati ta tashi haiƙan a kan cutar a wannan yanki, ta sare kurmin bakin rafuka a ƙasar Anchau, ta gina sabon garin Takalafiya. Ga mutanen Gimi wannan taimako ya zo a makare. Cikin 'yan shekaru manya da yawa suka mutu, ƙauyen ya watse, aka kwashe waɗanda suka tsira, galibinsu yara, aka kawo su cikin birnin Zariya.

A nan ne kowa zai yi tsammanin labarin ya ƙare. Mutanen da suka jira shekara da shekaru, suka sami abin da suke nema, sai mutuwa ta bi su gida gida, ba sai an gaya wa mai karatu abin da maƙwabta za su ce ba, ko abin da zuciyar mai makoki za ta raya masa da dare. Wasu sun karaya, kuma ba mai ganin laifinsu. Amma marayun Gimi da suka tashi a makarantar Durumin Maigarke su ne suka zama ginshiƙin cocin Hausa: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu bishara, da iyayen gidajen da aka san su daga baya.

Zaman birni ma bai ɗore ba. A shekarun 1920 fada da Turawan mulki suka haɗu a kan cewa mishan ta fita bayan ganuwa. Sababbin 'yan mishan, musamman Rabaran Guy Bullen, su ma sun ga gidan birni ya yi musu kaɗan, ba filin asibiti, ba filin makarantar kwana. Aka ba su wuri a Wusasa, gindin duwatsu, kusa da Kufena, tafiyar 'yan mil kaɗan daga birni. Miller ya ƙi wannan shawara iyakar ƙarfinsa, domin a ganinsa fita daga birni sallama ce da mutanen da ya zo dominsu. Bai yi nasara ba. A 1929, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, aka kammala ƙaura, Miller kuma ya koma Kano. Wannan ne karo na uku da zuriyar Isawa suka naɗe tabarmarsu, kuma daga ranar aka rufe babin sujadar Kirista a Durumin Maigarke.

Abin da suka fara ginawa a Wusasa yana nuna yadda suka ɗauki kansu. Cocin Saint Bartholomew da aka gina a 1929 ba kwaikwayon cocin Ingila ba ne. Ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, mai kaurin bango, wanda duk ɗan birni zai gane dangantakarsa da sorayen da ya tashi yana gani. Kusa da shi aka yi makaranta da asibitin Saint Luke, wanda ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga birni da ƙauye ba tare da tambayar addininsu ba. Mazauna garin suka ci gaba da sa babbar riga da hula, suna gaisuwa irin ta Zazzagawa, suna kai caffa fada, garin kuma yana ƙarƙashin Sarkin Zazzau kamar kowane gari a masarautar. Sunayensu ma shaida ne: Ishaya, Bulus, Dauda, Yohanna, Rahila, a haɗe da Audu da Tafida da Dikko.

Babban abin da ya riƙe su shi ne littafi. Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani Bajamushe, J. F. Schön, ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi matafiyi Barth zuwa Turai, amma Hausar ba ta zauna daidai a kunnen 'yan ƙasa ba. Miller ya shafe shekaru yana wannan aiki tare da Hausawan gidansa da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Sunan Bature ne ya fi fitowa a tarihin fassarar, amma ba a samun Hausa mai daɗin karantawa sai da masu harshen a zaune suna cewa wannan ta yi, wannan ba haka muke faɗi ba. Tasirin littafin ya wuce Zazzau nesa. A Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Bauci, inda kowane tsauni ke da harshensa, Hausar wannan littafi ce ta zama harshen sujada na miliyoyin mutanen da ba Hausawa ba. An sake fassara shi daga baya, amma tsofaffi da yawa da lafazin na 1932 suka haddace Zabura.

Sai waƙa. Zariya gari ne da ya san waƙa, ya san kari da amsa-amo, kuma kunnen da ya saba da rubutattun waƙoƙin malamai ba ya rasa jin inda aka karya ma'auni. Waƙoƙin yabo na farko fassara ce daga Turanci, aka ɗora kalmomin Hausa a kan muryoyin da aka tsara don wani harshe. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere, don haka sau da yawa muryar waƙar takan ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, ta danne wadda ya kamata a ɗaga. Duk da haka mutane sun rungume su, aka tara su cikin Littafin Waƙoƙi, aka rera su a ɗaurin aure da bakin kabari har suka zama nasu. Gyaran da ya fi muhimmanci daga wajen mata ya zo. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata a coci-cocin Arewa suka riƙa tsara nasu waƙoƙin, ɗaya ta bayar saura su amsa, da tulu da ganga da kacau-kacau, a kan muryoyin da suka tashi da su a wajen daka da biki. Macen da ba ta taɓa zama a aji ba takan haddace labarin Ayuba ko na Yusufu ta wannan hanya, ta kuma koya wa 'ya'yanta. Daga shekarun 1960 ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa suka ƙara yaɗa irin wannan waƙa ƙauye ƙauye. A ganin mai wannan rubutu, idan ana lissafin waɗanda suka riƙe imanin nan a lokutan tsanani, matan zumunta ne ya kamata a fara ambata kafin limamai.

Makarantar da ta fara da marayu ta ba Arewa mutanen da ba a manta da su. Dokta R. A. B. Dikko, wanda ya tashi a hannun mishan ya yi karatu a Birmingham, shi ne likitan zamani na farko daga Arewa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Asibitin Barau Dikko na Kaduna sunansa ya ci. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ɗaliban Hausa ke karantawa har gobe. Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927 daga zuriyar Isawa, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Biyu, aka tsare shi bayan juyin mulkin 1983, da ya fito kuma ya koma Samaru yana duba marasa lafiya yana wa'azi. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara Yohanna Gowon da ya taho daga ƙasar Angas, a Wusasa ya yi ƙuruciya ya fara makaranta. Ga ƙauyen da bai kai wata unguwa ta birni yawan jama'a ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai shahara ba ta kawar da kaɗaici ba. Bahaushe Kirista yakan sami kansa a tsakiya: ɗan'uwansa Musulmi na ganin ya bar gida, Kirista ɗan Kudu ko ɗan tsakiyar Najeriya kuma na jin Hausarsa da ganin hularsa sai ya yi ɗari-ɗari da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa Kiristoci Hausawa da Fulani da Barebari suka kafa Tarayyar Masihiyawan Najeriya, don su sami inda za su yi magana da muryarsu.

Jarrabawa mafi zafi a zamanin nan ta zo a watan Maris na 1987. Ranar 6 ga wata rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a kan kalaman wani mai wa'azi, ya fantsama cikin gari, aka rasa rayuka, aka ƙona masallatai. Da labari ya iso arewacin jihar, cikin 'yan kwanaki aka mayar da martani a Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Coci-coci fiye da ɗari aka ƙona a faɗin tsohuwar Jihar Kaduna, kuma Zariya ce ta fi jin jiki: Sabon Gari, Tudun Wada, Samaru, har ɗakin sujada na jami'a. Wutar ta kai Wusasa, garin da mutanensa ba su da wani gida da za su ce za su koma, domin nan ne gidan. Cikin limaman da aka ƙona wa coci da gida a Zariya akwai wani matashi, Benjamin Kwashi, wanda daga baya ya shugabanci kwalejin horar da limamai ta Saint Francis da ke Wusasa, ya kuma zama Bishop na Jos a 1992. An san shi da kiran da ya yi wa mabiyansa a kwanakin nan cewa kada su rama. Jama'a suka koma sujada a cikin kangaye da ƙarƙashin rumfuna kafin a tara kuɗin kwano da siminti. A irin waɗannan kwanaki kuma, a Zariya kamar sauran garuruwan Arewa, an sami Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin ɗakunansu, kamar yadda aka sami Kiristocin da suka yi wa Musulmi haka a inda su ne masu rinjaye. Wannan ma tarihi ne, kuma bai kamata hayaƙi ya rufe shi ba.

Bayan shekara 25, ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012, 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hari cocin ECWA da ke Wusasa da babban cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari, da wani coci a Kaduna, ana tsakiyar sujada. Boko Haram ta ɗauki alhakin harin. Ramuwar gayyar da ta biyo baya a Kaduna ta ci rayukan Musulmin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, abin da ya ƙara wa ranar baƙi. Tun daga lokacin shiga coci a Zariya ya sauya kama: shingen ƙarfe a bakin hanya, matasa masu na'urar bincike a ƙofa, motoci a ajiye nesa, mata a bar manyan jakunkuna a gida. Yaran da aka haifa bayan wannan shekara sun tashi suna ganin haka ake zuwa sujada.

Duk da haka cocin bai tsuke ba. A 1997 aka mayar da Wusasa mazaunin bishop na Anglikan, kuma wanda aka fara naɗawa, Ali Buba Lamido, Bafulatani ne da ya tashi a gidan Musulmi. Tsohon ginin ƙasa na 1929 yana nan tsaye, an yi sabon babban coci saboda jama'a sun fi ƙarfinsa. Kwalejin Saint Francis na ci gaba da yaye limaman da za su yi aiki da Hausa. Yawancin sababbin masu bi ba daga cikin ganuwa suka fito ba. Daga ƙauyukan Maguzawa suke, manoman dawa da rake da barkono na ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kubau, yankin da Isawa suka yi zaman ɓuya a ƙarni na 19. Coci-cocin wannan karkara sun yi yawan da daga baya aka yanka musu tasu diyosis a Ikara, da bishop ɗinsu, kuma da Hausa ake karatu da wa'azi da waƙa a cikinsu.